Ranar da Aka Suturta Na'urar Siddo

Siddo ya yi shekara goma sha ɗaya yana buga wa mutanen Gaya takardu a wani ɗan shago kusa da tasha. Bai taɓa zama ajin koyon ordinatar, wato kwamfuta, ba. Abin da ya sani, daga na'urori huɗu da suka mutu a hannunsa ya koya.

Ta biyar ce ke gabansa lokacin da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar kan iyaka. Kayan Kwatano suka daina shigowa, tsohuwar na'ura ta zama abar lallashi.

Ana tsakiyar bazara Mushe Halidu, darektan wata makaranta a Tunuga (Mushe ake ce wa malaman boko a can), ya kawo hotuna da takardun ɗalibai sittin masu shirin jarrabawa. Ranar Jumma'a da azahar za a rufe karɓa, wanda sunansa bai shiga ba sai baɗi. Na'urar kuwa, kowane hoto sai ta yi dogon nazari a kansa.

Siddo ya shiga saitinta ya ƙara wa ƙwaƙwalwar gudu, ya ɗaga ƙarfin wutar da take sha daga bolt 1,20 zuwa 1,30. Ƙa'idarsa biyu ce: kada wuta ta wuce 1,35, kada zafi ya haura digiri tamanin da biyar. Ya kuma cire murfin gefe don iska ta ratsa. Ranar Laraba aka wuni a saba'in da takwas.

Ranar Alhamis ya bar ta tana aiki, suka tafi masallaci da Mushe. Da suka dawo, allo baƙi ƙirin, shago na ƙaurin roba.

"Malam Siddo, yara sittin ne fa a cikin akwatin nan," in ji Mushe.

"Suna nan, Mushe. Ƙailula suke."

Ya faɗa ne kawai, shi ma bai sani ba. Ya duƙa ƙarƙashin tebur, sai ya tarar da akwatin lulluɓe ruf da ƙyalle mai kauri, da furanni da tuntaye. A bakin ƙofa matarsa Bibata na zaune da kwanon abincin da ta kawo.

"Bibata, aikinki ne wannan?"

"To wa zai yi? Abin da muke ci da shi ka bari tsirara, kowa ya shigo yana kallon hanjinsa. A gidanmu ko rediyo da rigarsa."

"Ai kin ga rediyo ba ya gumi."

Ya yaye ƙyallen, ya ba Mushe murfin kwano. Rabin awa darekta guda yana durƙushe yana yi wa na'ura fifita, babu wanda ya tuna da tuwo. Sannan Siddo ya yi bisimilla ya danna.

Fanka ta juya, allo ya kawo haske. Ashe da zafi ya kai maƙura ita ta kashe kanta kafin ta ƙone, hankalin da ba kowane ma'aikaci ke da shi ba.

Siddo ya sauke wutar zuwa 1,25, ya haƙura da rabin gudun da ya ƙara. Hantsin Jumma'a Mushe Halidu ya ƙirga takardu sau biyu, sittin cif, ya ɗaure su a bayan babur ya nufi ofishin jarrabawa.