Bakansin da na yi ina tsintar leda

Shekarun baya, saura mini aji ɗaya in gama lise, wato babbar sakandare, a Magariya, na koma ƙauyenmu kusa da Waca don babban bakansi, dogon hutun ƙarshen shekarar karatu. Kwana uku da zuwana akuyar mahaifiyata ta kwanta, aka yi sauri aka yanka ta. Da mahauci ya buɗe tumbinta sai ga baƙar leda a murɗe kamar igiya, ta kusa cika ƙwarya. Mahaifiyata ta juya ta shige ɗaki.

Ni kuwa sai na tuna wani shafi a littafin kimiyya da mushenmu, wato malamin ajinmu, ya ara mini. An ce idan aka zuba leda a tukunyar ƙarfe, aka toshe ta ruf yadda iska ba za ta shiga ba, aka hura wuta a ƙarƙashi, ledar ba za ta kama da wuta ba. Narkewa za ta yi ta zama tururi, in tururin ya bi ta bututu ya huce sai ya koma mai. Littafin ya kira abin pirolis. Na ce a raina zan gwada, kuma ban gaya wa kowa ba. Haka nake tun ina ƙarami, magana ta fi mini noma wuya.

Ranar kasuwa, da la'asar in an watse, sai in ɗauki buhu in bi rumfuna ina tsintar leda. In wanke ta a tafki, in shanya a kan ƙaya, in ware baƙa daban fara daban, in rubuta a kayena, littafin rubutuna na makaranta. Ina yi ina ƙirgawa a hankali, leɓena na motsi. Ban taɓa tsayawa na kalli kaina da idon mutane ba. A wajenmu kuwa, saurayin da ke tsintar leda yana magana shi kaɗai, kowa ya san abin da ya same shi.

Sai na ga gaisuwa ta canja. Tsofaffi suna ce mini ya jiki, ni kuma ina amsa lafiya lau, har ina jin daɗin yadda aka damu da ni. Abokina da muka taso tare, wanda kullum muke zama bakin masallaci bayan azahar, ya fara samun aiki duk sa'ad da ya hango ni. Na bar zuwa wurin. Furar da mahaifiyata ke dama mini ta soma ɗanɗanon tawada, na sha abina ina cewa geron ne.

Can bayan gari, a wani tsohon ramin da ake haƙar ƙasar gini, na kafa kayana: babban gwangwani mai murfi, bututun ƙarfe da maƙeri ya lanƙwasa mini bai tambaye ni komai ba, da kaskon ruwa da bututun ke ratsawa. Gwaji na farko tururin ya tsere ta bakin murfi, na wuni da ciwon kai. Na biyu na liƙe da yumɓu, yumɓun ya tsage. Wuni nake yi a ramin nan, daga ni sai ƙadangaru. In na ga wani abu ya yi kyau sai in ɗago kai kamar zan nuna wa wani, sannan in sunkuya in rubuta.

Sati biyar aka yi haka. Wata safiya ina bayan zana ina wanke fuska na ji ƙanwar mahaifiyata tana gaya mata cewa kawuna, wanda shi ke yanke magana a kaina tun rasuwar mahaifinmu, ya ce karatu ya taɓa ni. Ba zan koma Magariya ba. Ranar Juma'a zai zo ya kai ni wurin mai magani, in na samu sauƙi in kama gona. Sai a lokacin na gane ma'anar ya jiki, na gane kuma rubutun malam nake sha a fura.

Saura kwana biyu. Na haɗa yumɓu da kashin jaki kamar yadda masu gini ke yi, na liƙe murfin, na bar shi ya bushe. Alhamis tun hantsi na hura wuta. Sai bayan azahar ɗigo na farko ya faɗa cikin kwalba, ruwan ƙasa-ƙasa, mai wari. Na yi hamdala a fili, babu mai amsawa. Kafin wutar ta mutu na samu kamar rubu'in kwalba, kuma da gari ya waye ya daskare kamar man kaɗe.

Kawu ya zo bayan an sauko daga masallaci. Na durƙusa na gaishe shi, duk bayanin da na shirya ya gudu. Na miƙa masa kayena, alhali na san ba ya karanta boko. Da na ga yana juya shi, sai na lakato man a tsumma, na naɗa a kara, na ƙyasta ashana. Ya kama, ya yi ta ci bai mutu ba. Na ce, "Ledar ce, Kawu."

Ya shinshina kwalbar, ya tambayi leda nawa ta ci, na ce buhu uku. Itace fa? Na ce dami huɗu. Ya dubi mahaifiyata ya ce, "Yaya, ɗanki lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar itace ce kawai ke damunsa. A bar shi ya koma, ko a can sa koya masa lissafi."

Bayan ya tafi mahaifiyata ta daɗe tana kallon kwalbar. Ta ce, "Kai kuwa me ya hana ka faɗa mini?"

Na ce, "Inna, ba ki tambaye ni ba."

Ta ce, "Tsoron amsar nake ji."

Na koma lise, na gama. Kawu yana da gaskiya kan itacen, daga baya na koyi cewa masu wannan aiki da iskar da ke fita daga tukunyar suke hura wutar, kuma abin da na shaƙa a ramin nan ba abin wasa ba ne, kada wani ya kwaikwaye ni. Da abokina mun ci gaba da gaisawa, amma zaman bakin masallaci bai dawo ba.

Abin da har yau ke tsaya mini a rai shi ne sati biyar ɗin nan. Gida ɗaya, zana ɗaya tsakaninmu, ni ina ɗauke da abin da nake ɗokin nuna mata, ita tana ɗauke da tsoron ɗanta ya tafi, kowa shi kaɗai. Yanzu in na kira ta ta ce me nake yi, sai in faɗa mata duka, har sunayen da ba ta sani ba. Ba ta taɓa katse ni ba.