Na Kashe Wa Yatsansa Wuta

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ina da 'ya'ya biyu, ban daɗe da fita takaba ba. Mijina mai gyaran kwamfuta ne a Gaya. Wata ranar kasuwa yana dawowa daga Ajingi a kan babur, wata bas ta banke shi, ko asibiti bai kai ba. Direban mutumin Toranke ne. Dangi suka zauna, surukata ta ce ta yafe, aka sallame shi. Ni babu wanda ya tambaye ni.

Marigayin ne ya koya mini kwamfuta. Cikin abin da ya nuna mini har da yadda ake kashe wa kafofin USB wuta daga cikin manhaja, ba tare da an zare waya ba. Yana yin haka ne don kada filashin mutane ya sa wa kwamfutarsa bairos mai lalata ta. Da aka fara rijistar manoma masu neman tallafin taki a Ajingi, aka ɗauke ni aikin ɗaukar zanen yatsa, da wata 'yar na'ura mai koren haske da ake jonawa a kafar.

Rana ta uku na ɗaga kai na ga direban a layi. Ya rame, ya bar tuƙi ya koma gona. Da ya miƙo hannu sai na tuna da wannan hannun ya riƙe sitiyari. Na danna, na kashe kafar. Yana ɗora yatsa hasken ya mutu. Na ce masa ya ja gefe. Na kunna, na bayansa ya ɗora, nan take ta karɓa. Wallahi na ji sanyi a raina.

Sau biyar yana zuwa, sau biyar ina yi masa haka. 'Yan layi suka ce ƙila fartanya ce ta cinye masa zanen yatsa. Wani ya ce ya jiƙa shi da ruwa, wani ya ce ya shafa man gyaɗa, duk ya yi. Daga baya suka fara tsokanarsa, wai hannun da ya ɗauki rai ko inji gudunsa yake. Ina ji, na ci gaba da aikina.

Ranar rufewa ya zo karo na shida, na sake kashe kafar, ya jira har kowa ya watse. Ya kira ni Malama, ya ce ya san ko matar wa ce ni, kuma bai ga laifina ba, don ni ba ni da iko da inji. Ya ce ya yarda Allah ne ke nuna masa hannunsa. Ya roƙi a gwada na hagu, saboda yara bakwai ke jiran wannan gona. Yatsana yana kan maɓallin da zai kunna kafar. Na dubi hannun nasa, na ce masa lokaci ya ƙure.

Da kaka na ji dawarsa ba ta yi ba, har ya tafi ci-rani ya bar iyali. Na gaya wa surukata abin da na yi, ina zaton za ta ji daɗi. Sai ta ce ɗanta ya koya mini abin nan don in ci abinci, ni kuma na hana wasu ci da shi, da sunansa. Washegari ta aika Toranke da buhun gero daga rumbunta.

Ba zan yi ƙarya ba, har yau ban yafe masa ba. Amma shi bai yi niyyar kashe mijina ba, ni kuwa sau shida na danna da niyya. Duk wanda aka zaunar a gaban kwamfuta, mutane suna layi ba su san abin da yake dannawa ba, ya ji tsoron Allah. Mutumin nan har yanzu yana zaton hukuncin Allah ne, ni kuma na kasa zuwa Toranke in ce masa ni ce.