Daddawar Hajiya Rakiya da ƙanƙarar taga

Ban taɓa mantawa da ranar wata Litinin ta watan Janairu ba, a gidajen hayar nan na Gate City. Ku sababbin shiga aikin nan, gara ku ji daga bakina, tunda a masallaci an riga an zuba wa labarin gishiri.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gyara, an sa ni gwajin wata uku, in na haye a ba ni shugaban sashe. Kafin sanyi ya shigo, ni na bi tagogin gini na uku ɗaya bayan ɗaya, na liƙe gefensu da danƙo, na canza robar ƙofofi. To, ga ƙa'idar aikin. In ƙanƙara ta kwanta a bayan gilashi ta waje, lafiya lau, zafin gida bai fita ba. Tagogin nan gilashi biyu ne a haɗe, in tsakaninsu take, taga ta mutu, sai canji. In kuwa ta ciki take, ko dai sanyi na kutsowa ta wata kafa, ko danshi ya yi yawa a gidan. Manaja kuma na farkon take fara zargi, don shi ne yake da wanda za a kama.

Da safen nan manajarmu, Misis Dona, ta nuna mini hoto a waya. Wani ɗan haya ne ya turo, tagar falonsu fari fat ta ciki, har ya rubuta sunansa da farce. Ta ce in aikina ne ya gaza, muƙamin ya wuce ni, kuma tare za mu je. Na duba lambar gidan. Gidan Hajiya Rakiya ne, dattijuwa 'yar Maraɗi da ke zaune da ɗanta direban tirela, ɗan ne ya turo hoton ya kama hanyarsa.

Tun daga matakala hancina ya gaya mini abin da ake ciki. Hajiya ta buɗe, tururi ya mare mu. Manyan tukwane biyu na tafasa da waken suya tun jiya. Ta cusa tsofaffin zannuwa a ramukan iska, ta manne fankar kicin da ta banɗaki da salatif, wai suna zuƙe mata ɗumi. Na ciro ma'aunin danshi, allurar ta tafi ƙarshe ta zauna abinta.

Misis Dona fa ba ta kalli tukunya ba. Ta toshe hanci, ta bi warin har ƙofar ƙaramin ɗakin ajiya, ta ce wannan ko ɓera ne ya mutu a bango, ko ruwa ya shiga ta tagogina ya ruɓar da audugar da ake cusawa don tare sanyi. A ƙa'ida sai a fasa bango, a kwashe mutanen gida, a rubuta sunan wanda ya yi aikin ƙarshe. Sunana ke nan.

Hajiya ba ta jin Turanci, amma ta ga inda ake nunawa. Ta tsaya a bakin ƙofar, ta ce, “Sani, kada ka kuskura. Daddawa ce, yau kwananta biyu a rufe. Iska ta taɓa ta, ta lalace.”

Na ce, “Hajiya, ki yi wa Allah, aikina zan rasa.”

Ta ce ai ita ma nata aikin ne, kuma duk Bahaushen garin nan, har masu gonar doki a Summerfield, wannan daddawar suke jira. Wallahi na ji kunya, don matar nan ta yi jika da ni. Amma na tuna wata ukun da na yi ina hawa tsani cikin iska. Na ba ta haƙuri sau uku, na zagaye ta, na buɗe.

Ga robobi shida lulluɓe da bargo, ga ƙaramar hita a gefe tana ba su ɗumi. Na ɗaga bargon. Misis Dona ta yi baya har ta taka takalmin Hajiya. Na yi mata bayani cewa abin miya ne, dafa wake ake yi a rufe shi ya ruɓa da gangan. Ta tambaye ni sau biyu ko da gaske ci muke yi, na ce har da santi. Sai da ta fita baranda ta sha iska sannan ta ce liƙin nawa ya yi kyau fiye da kima, tunda ko tururi bai sami hanyar fita ba. Muka cire salatif, muka kunna fanka, kafin azahar gilashi ya washe.

Na samu muƙamin. Daddawa kuwa ta lalace duka, Hajiya ta rantse ba ta sake yi sai bazara, kuma ta tabbatar kowa ya san dalili. Ranar Juma'a Alhazai suka riƙa miƙo mini hannu da ƙyar.

Abin da na koya shi ne, kafin ka zargi taga ko ka ɗauki guduma, ka leƙa kicin, ka tambayi mutanen gida me suke yi da ɗuminsu. Kuma ka je kai kaɗai tukuna, ba da manaja ba. Da na yi haka, da na lallaɓa Hajiya mun kunna fanka ba wanda ya ji.

Ranar da aka ba ni takardar ƙarin girma, uwargidana ta ajiye mini tuwo da miyar kuka salam, ko ƙanshin daddawa babu. Na ɗaga kai zan yi magana, ta ce, “Ci mana, shugaban sashe. Ai kai ka buɗe.”