Tankin Maiwada mai cin gishiri

Habila na gidan Malam Yunis, wanda ke gyaran famfo a asibitin mishan, shi ya fara gaya mani wai akwai tankin da ke cire wa ruwa zartsi. Na ce to, Allah mai iko. Ashe ɗana Maiwada na zaure, ya ji.

Maiwada tun yana ƙarami haka yake, in ya ga abu ya lalace ba ya iya wucewa. Makaranta bai yi nisa ba, ya kama aiki a gidan gurzar auduga a Funtuwa, duk Juma'a yana dawowa Tsiga a kan kekensa.

Rijiyarmu kuwa marigayi babansu ya gina ta da hannunsa, amma ruwanta sai haƙuri. Sabulu ba ya kumfa, wake ya wuni a wuta yana ƙwas-ƙwas, butar alwalata duk ta yi farin ɓawo a ciki. Hannuwana suka tsattsage har da jini. Babban wan Maiwada, Abubakar, ya kafe sai na tattara na koma wurinsa Malumfashi, can akwai famfo. Ni kuma ba na son barin ɗakina da rijiyar marigayi maigidana. Maiwada ya ce a ba shi lokaci.

Ya sayar da keken, Habila ya samo masa tsohon tanki. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi. Wai su ke kama abin da ke taurara ruwan, in sun ƙoshi sai a wanke su da ruwan gishiri su sake shi. Ya ɗora duro a bisa, a zuba ruwan rijiya ta sama, a tara ta ƙasa. Wallahi ya yi. Ranar da na ga kumfa a ƙwarya sai da na kira Inno maƙwabciyata ta zo ta gani. Hannuna ya fara warkewa, Abubakar ya bar maganar Malumfashi.

Sai ga shekarar da soja suka canja kuɗi, gishiri ma sai an bi layi. Aka tura Maiwada sayen auduga Danja, ya bar wa matarsa Barakatu kula da tankin. Yarinya ta duba, gishirin miya ma da ƙyar, ga jakar kanwa a ɗaki. Kowace mace ta san kanwa ke sa wake laushi. Ta jiƙa ta da yawa, da ƙasarta da komai, ta ɗura.

Da ya dawo ya buɗe, ciki ya daskare kamar taɓo, ko ɗigo ba ya wucewa. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce, “Barakatu, wake na ba ki ajiya?” Ta ce, “To ai ba ka ce ban da kanwa ba.”

Ya wanke ƙwayoyin, ya tace, ya shanya a tabarma, kaji suka tsattsage rabi. Ya je Zariya, ya je Kaduna neman ƙwayoyin, aka ce an hana shigo da su. Ina ta addu'a, amma hannu ya sake tsattsagewa kamar da. Bayan Babbar Salla Abubakar ya zo da mota, na tattara kayana na bi shi.

Yanzu ga ni a Malumfashi, famfon ma sai ya ga dama yake kawo ruwa. Tankin yana can gindin rijiya, Barakatu na ajiye irin masara a ciki saboda ɓera. Maiwada ya hana a huda shi, har yau duk direban da zai tafi Legas sai ya ba shi saƙon neman ƙwayoyin.