Kunyar Yaya da Iskar Hanyar Shagari

Abin da na fara lura da shi da muka shiga Shagari shi ne rufin ɗakuna. Duk ɗakin kwano an jera masa duwatsu a bisa, wani an ɗora masa tsohuwar tayar mota, ɗakunan ciyawa kuwa an ɗaure musu kai da sabuwar igiyar kaba. Har murfin rumbu ba a bari ba. Na ce a raina, mutanen garin nan sun san halin iskar farkon damina.

Mun tashi daga Bodinga da asubar ranar Asabar, ni da babban yayana, a kan kekensa. Matarsa ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, an yi suna, tana can tana wankan jego. Shi Yaya ba ya iya shiga cikin gidan surukai, ba ya kuma iya tambayar lafiyar ɗan da bakinsa, shi ya sa Inna ta ce in raka shi in gano masa. Muka ɗauki geron kunu da kanwa da sabulun da Baba ya sha layi kafin ya samu. Da mota muka so zuwa, amma tun da aka shiga tsuke bakin aljihun nan kuɗin mota ya ninka. Direbobi sun ce taya ta gagara, motoci da yawa ma suna ajiye a tasha babu ƙafa.

Kafin mu fita Baba ya dubi sama ya ce wa Yaya ya kula da kansa, ruwan shuka ya kusa. Yana da dalilin faɗin haka. Bara hatsi bai yi ba, rumbunmu ya yi ƙasa, Baba ya daɗe yana ciwon baya, kuma Yaya kaɗai ne mai ƙarfin gona a gidanmu.

Tafiyar safe ta yi daɗi. Na zauna a kaikaice a kan kariyar bayan keken, an ninka mini zane don kada ƙarfe ya ci ni, ƙunshin kaya a cinyata. Gonaki duk an share, an kai taki tsibi-tsibi, babu kara babu ciyawa, ido yana kaiwa inda ya ga dama. Kowane ƙauye muka wuce da tutocin jam'iyyu a kan dogayen sanduna, sun yi laƙwas don babu abin da yake kaɗa su. A Sifawa muka tsaya muka sayi ƙosai. Ya ƙanƙance ƙwarai, har Yaya ya tambayi mai tuyar ko shi ma ƙosan an rage masa albashi. Ta ce ya je ya tambayi masu man gyaɗa.

Da muka zo bakin gari Yaya ya tsaya ƙarƙashin dogon yaro, ya kwance babbar rigar Baba da ya aro, wadda ta sha sitaci, ya saka. Daga nan mutumin da yake ta raha a hanya ya ɓace. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa da ƙofa, ya shiga zaure ya durƙusa gaban surukinsa, wanda muke kira Baffa, kai a ƙasa.

Ni na wuce ciki. Surukarsa, Gwaggo, ta karɓe ni hannu biyu, ta shinshina sabulun ta yi ta sa albarka. Mai jego ta yi fes, ta yi ƙiba, jikinta yana ƙamshin ganyen wanka da hayaƙi. Jaririn yana da gira irin ta Yaya, mai haɗewa a tsakiya, da wani ɗan tabo a bayan kunnen hagu. Na riƙe duk wannan a kaina don in ba da labari. Aka ba ni kunun kanwa da tuwon gero miyar kuka, na ci har na ji nauyi. An kai wa Yaya nasa zaure, da kwanon fura da nono. Da na je ɗauko kwanukan na tarar ko murfin bai ɗaga ba. Mutumin da ya tuƙo keke tun asuba da mutum a baya.

Bayan azahar gari ya ɗauke. Ganye ba ya motsi, zufa tana bin bayana. Kaji suka shige ƙarƙashin rumbu da rana tsaka. Na leƙa ta kan katanga na ga gabas ta haɗe, ƙasanta ja samanta baƙi. Gwaggo ta shiga kwashe shanya, tana kife ƙwarya tana danne faifai da turmi. Sai ta kira ni.

"Ɗiyata, tahi ki hwaɗa ma yayanki shi dakanta. Hadarin ga da iska shika tahe. In ta kama ku kwana, ga ɗakin samari nan."

Na je na durƙusa kusa da Yaya na faɗa masa a hankali. Bai ɗago ba. "Ce mata muna godiya. Gobe shuka."

Na koma na faɗa. Ta sake aiko ni, ta ce shuka ba ta gudu, da asuba ma a isa. Ya sake cewa yana godiya. Baffa yana zaune yana jin komai. Ya leƙa waje ya ce, "Kai, gabas ta yi baƙi."

"Ta yi, Baffa," in ji Yaya.

"Allah shi sa na alheri na."

"Amin."

Iyakar abin da maza biyu suka ce ke nan a kan maganar. Baffa yana jin nauyin ya tsare suruki, Yaya yana jin kunyar kwana gidan surukai, Gwaggo ba ta iya fitowa zaure. Mai jego ta jawo ni ɗaki tana dariya. "Ke 'yar boko, duk karatun ga naki ba ki iya tsai da mutum guda? Tahi ki ɓoye mai takalmi!" Bakinta ne yake dariyar, hannunta kuwa ya damƙe nawa har ya yi mini zafi. Ita ma ba ta iya aika wa mijinta magana a gaban uwarta.

Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Manya huɗu, kowa ya ga hadarin, kowa ya san abin da zai biyo baya, sai suka tattara maganar suka ɗora a kan yarinyar da ko a aji ba ta iya ɗaga hannu.

Muka hau. Yaya bai tuɓe rigar ba don ana kallonmu daga ƙofa, da muka fita gari kuma ya ce babu lokacin tsayawa. A cikin gari katangu sun tare mu. Muna hawa kwalta na ji iskar, sanyi-sanyi da ƙamshin ƙasa, daga hannun dama. Tutocin da na gani da safe a laƙwashe sun miƙe suna ta fat-fat. Ganyen dogon yaro ya juya baya, manyan rassa suna sunkuyawa. Wata mata ta sauke tallan nono daga kanta ta rungume ƙwaryar a ƙirji.

A bakin wani masallaci muka ga masu kekuna sun jingine su a jikin bango sun laɓe. Wani dattijo mai buhun albasa, da na ji yana ce wa na kusa da shi Lambara za shi, ya ɗaga mana hannu yana kira, "Kai, mai riga! Sabko!" Yaya ya ɗaga masa hannu shi ma, kamar gaisuwa aka yi masa, ya ƙara taka feda.

Wanda bai taɓa zama a bayan keke cikin iska ba, ba zai gane ba. Da ta gaba ce da sauƙi, nauyi kawai za ta yi wa mai tuƙi. Wannan ta gefe ce, kuma ba ta zuwa bai ɗaya. Sai ta yi shiru kamar ta tafi, sai ta buge mu gaba ɗaya. Duk bugu sai keken ya bar gefen titi ya nufi tsakiya, inda motoci suke bi. Rigar Baba ta cika ta kumbura, tana marin fuskata, ba na ganin gaba. Mayafina yana ja na baya. Rairayi yana tsunkulin ƙafafuna kamar allura.

Na ce, "Yaya, mu sabka."

Bai amsa ba. Na ɗauka bai ji ba, don muryata ba ta da ƙarfi ko a ɗaki. Na sake faɗa, na ja rigar. Ya ce, "Riƙe dai da kyau."

Muka fita daga cikin itatuwa muka shiga filin gonakin nan da na yaba da safe. Nan babu abin da yake tare ta. Yaya ya karkata jikinsa dama yana danne ta, keken yana tafiya a jirkice. Wani busasshen reshen ƙaya ya gangaro ya tsallake titi a gabanmu. Sai ta buge mu bugun da ya fi na baya duka, na ga farin layin tsakiyar titi a ƙarƙashin ƙafata, a daidai lokacin da babbar mota ta danna ƙaho a bayanmu. Yaya ya fizgi kan keken dama da iyakar ƙarfinsa. Iskar kuma ta saki. Babu sauran abin da yake tokare da mu, muka tafi ƙasa ta gefen kwalta, cikin tsakuwa. Motar ta wuce, na ji zafin jikinta a wuyana.

Diddigena ya shiga wayoyin tayar baya, fata ta saɓule. Yaya ya dafa ƙasa da hannun dama, hannun rigar ya naɗe da birki ya yage. Da ya tashi zaune na ga wuyan hannun ya karkace. Bai yi ƙara ba. Ya tambaye ni ko na ji ciwo, na ce a'a, ina kuka.

Muka ja jiki muka kwanta a gindin tudun titi, keken a gefe tayarsa tana juyawa ita kaɗai. Can ruwa ya sauko, mai yawa, irin wanda ake roƙo. Muna nan a jiƙe har wata a-kori-kura ta 'yan kasuwa ta tsaya. Direban ya dubi Yaya ya dube ni ya ce, "Haba malam, da ɗiyar mutane baya?" Aka ɗora keken a kan buhuna, muka tsuguna a gefe.

A cikin motar Yaya ya matso kusa da kunnena. "Na ji ki tun hwarko," in ji shi. "In mun sabka nan kusa, wani shi gane mu shi kai labari, a aiko a maishe mu gidan."

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Ashe ya ji. Ya auna motar da take iya take mu da tabarmar ɗakin samarin gidan surukai, tabarmar ta fi ba shi tsoro.

Mun isa gida ana kiran magariba. Mai ɗori ya zo ya ja hannun ya ɗaure da karare, ya ce kada ya taɓa komai sai ƙashi ya kama. Inna ta wanke mini diddige da ruwan gishiri.

Da gari ya waye duk Bodinga ta fita shuka. Yaya yana zaune a ƙofar gida da hannu rataye a wuya. Baba ne ya ɗauki sungumi, yana sara yana tsayawa yana dafe baya, ni da Inna muna binsa muna zuba iri, ina ɗingishi. Rana ta yi sama ba mu ci rabin gonar ba, ƙasa kuma ta soma bushewa ta sama. Maƙwabta sun gama nasu sun wuce mu suna sannu.

Da muka dawo na tarar da dattawan unguwa sun kewaye Yaya. Ina wucewa da kwanon iri na ji ɗaya yana cewa, "Ai yaron ga ɗan halak na. Hadari bisa kai, amma bai yarda ya kwana gidan surukai ba. Yaran yanzu wa ka yin haka?" Sauran suna gyaɗa kai. Babu wanda ya tambayi wa yake zaune a bayan keken.

Ni dai ga abin da na koyo. Ba a jiran sai iska ta kayar da mutum kafin a ce ta yi yawa. In manyan rassa sun fara sunkuyawa, in masu tafiya a ƙasa suna karkata, in ta tura keke ya bar layinsa ko sau ɗaya ba da son mai tuƙi ba, to tafiya ta ƙare, a sauka a nemi bango. Yaya ya san wannan fiye da ni. Baffa ma ya sani. Abin da aka rasa shi ne wanda zai faɗa a kuma ji maganarsa. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, ni kaina ita ta yi mini yawa. Amma duk wanda ya yi tasa kunyar ranar nan yana cikin ɗaki ruwa ya same shi, in ban da mu biyu.

Za a sake komawa Shagari kafin mai jego ta yi arba'in, kuma na san ni za a sake ɗorawa a kariya, damina kuwa yanzu ta fara. Na daɗe ina juya maganar a bakina. Bayan la'asar na kai wa Baba ruwa, yana kwance rubda ciki a tabarma saboda bayan. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai ya tambaye ni. Na durƙusa na ajiye kwanon, na ƙi tashi.

"Mi na na?" in ji shi.

Na ce, "Baba, in za mu koma, ina son ka kira Yaya gabana, ka ce mai da bakinka, in na ce mu sabka, shi sabka."