Dariyar da Na Goge a Kaset ɗin Abokina

Shekarun baya, tun kafin yaƙin nan ya watsa mu kowa ya kama gabansa, ina da rumfar gyaran rediyo da rikoda a Kasuwar Libiya, babbar kasuwar nan ta ƙetaren kogi daga Khartoum. Ku da kuke bibiyata a nan kun san halina na tsoma baki a maganar da ba a gayyace ni ba, balle in an taɓo zancen sauti. Jiya ma na ga kuna musu a kan abubuwan kunnen nan na jin sauti masu tsada, wannan ya ce nasa ya fi ganga, wancan ya ce nasa ya fi fito da murya, har yatsana ya fara ƙaiƙayi. Sai na tuna wani abu, na ajiye wayar. Ni nan da kuke gani, na taɓa goge dariyar wata baiwar Allah daga duniya da hannuna, kuma na zauna ina jiran a yaba mini.

Boko dai a aji huɗu muka yi sallama da shi, ba faɗa ba zagi. Amma a kasuwa Bashmuhandis ake ce mini, wato babban injiniya, ni kuwa ban taɓa ganin dalilin da zan gyara wa jama'a kuskurensu ba. Tun ina da baƙin gashi nake zaune tsakanin lasifikoki, na dama yana wa'azi, na hagu yana kiɗa, nawa a tsakiya yana ƙoƙarin danne su duka. Na yarda har cikin raina cewa kunnena ma'auni ne. Abin da na ji, shi ne akwai. Abin da ban ji ba, babu shi.

Abokina tela ne a unguwar Dar Salam, nan kusa da kasuwar. Kakanninmu tare suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, kuma har yau ba a ɗaure kayan ba. Matarsa ta rasu 'yarsu tana rarrafe. Irin mutanen da ne: tana raye ma ba ya kama sunanta, balle bayan ranta. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta ban ƙara jin ya ambace ta ba, har na ɗauka ya manta. Yarinyar ta girma, tana aikin jinya a Jidda, ita ce ta aiko masa da samma'a, abin nan da ake cusawa cikin kunne, don ya riƙa sauraron karatu yana ɗinki.

Wata safiya ya shigo rumfata da ɗan akwatinsa a rungume, kamar mai kai jariri wurin wanzami. Na aika aka kawo mana jabana, gahawar nan mai citta, muka buɗe akwatin, sai ga samma'ar. Ba irin ta kasuwarmu ba ce da ake sayarwa a dunƙule kamar gyaɗa. Ƙarfe ce, ga nauyi a tafin hannu, wayarta a kitse kamar kan amarya. Da robobin kunne manya da ƙanana, sai wasu 'yan bututaye kala uku da ake murɗawa a bakinta: mai ruwan zinariya, baƙi, da mai ruwan azurfa. Ga kuma takarda da zanen layuka suna hawa suna sauka kamar tudun Karari. Na daɗe ina kallonta ina gyaɗa kai, don kada a ce Bashmuhandis bai gane ba.

Na ce, "Kawo nan, ya zol, mutumina. Wannan ba kayan tela ba ne."

Na fara da mai zinariya. Ganga ta zo mini kamar ana buga ƙofa a ƙirjina, na ce madalla. Na sa baƙin, murya ta matso kusa kamar mai karatun yana zaune a kafaɗata, na ce ba laifi. Da na murɗa mai azurfa kuwa, sai na ji komai ya rame, ba ƙugu ba ciki, sai wani shuuu can nesa. Na zare na yanke hukunci: "Wannan na ukun cikon akwati ne. Jefar da shi."

Ya karɓa ya ce, "Ni kuwa shi nake sawa."

"Kai da ka shekara arba'in kana jin ƙarar keken ɗinki, me ka sani a sauti?"

Ya yi murmushi kawai. Sai ya zaro wani tsohon kaset daga aljihun jallabiyarsa, da ɗan ƙaramin rikodan da na taɓa sauya wa bel. Yaran yanzu ba za ku sani ba: a da, in za mu gaisa da dangi a Nijeriya, ba takarda muke rubutawa ba, don rabinmu ba mu iya ba. Kaset ake sawa, mutum ya gyara zama ya yi ta gaisuwa gida-gida, sai a ba wa alhazan da za su koma ta mota. Wannan kaset ɗin shi ya yi wa kawunsa yana sabon ango, mai tafiyar ya wuce bai biyo ya karɓa ba, kaset ya kwanta a ƙasan akwati shekara da shekaru. Kwanan nan ya ci karo da shi.

Ya ce, "So nake ka juye mini shi a waya, yarinyar nan zan aika wa. Amma yadda yake, Bashmuhandis. Ka ji ko? Yadda yake."

Na sa a babban rikodana. Ba komai a ciki sai muryarsa ta ƙuruciya yana gaida kawu, yana gaida matan kawu, yana gaida har jakin kawu, ga shuuu ta lulluɓe komai kamar ana soya ƙosai a bayansa. Na kwashe da dariya har matar da ke sayar da shayi a gefenmu ta leƙo.

Na ce, "Au! Ashe duk tsadar samma'ar nan, muryarka kake saurare da ita? Tsufa ya zo da son kai! To bar mini, zan mai da kai mai karanta labarai a gidan rediyo."

Ya sake cewa, "Yadda yake dai." Ya ɗauki akwatinsa ya tare rakasha, keken nan mai ƙafa uku, ya tafi.

Na ji shi sarai. Amma a ganina duk mai kawo gyara haka yake cewa, don bai san abin da gwani zai iya ba. Ina da rikoda mai baki biyu, da wata na'ura mai makunnai goma da ake ja sama ko ƙasa, na hagu na ganga, na dama na siraran sauti. Na sa sabon kaset a ɗaya bakin. Na janyo makunnan dama duka na kwantar da su ƙasa, shuuu ta mutu. Na ɗaga na tsakiya, muryar mutumina ta yi kauri kamar ta limamin Juma'a. Sannan na lura yana yawan yin shiru a tsakiyar magana, wani wurin har a ƙirga huɗu ko biyar ba abin da ke fita sai hayaniyar banza. Duk inda ya yi shiru sai in danna tsayawa, in ya ci gaba in saki. Na tsince shi tas kamar shinkafar biki. Na haɗa waya na juye.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma gwaninta ba ta barin mutum ya tsaya. Mu masu gyaran da muna da abin da muke kira wanke kaset: in ka gyara sauti, sai ka mayar da gyararren a kan tsohon, don mai shi ya tafi da abu mai kyau. Kaset ɗin an ɓalle masa ɗan haƙorin nan na baya da ke hana a yi ɗauka a kansa. Wato tun da can wani mai hankali ya kulle ƙofa. Ni kuwa na dunƙule 'yar takarda na toshe ramin, na danna jan makunni. Kyauta ce na yi masa, ban ma yi niyyar faɗa ba sai ya gani da kansa.

Washegari bayan la'asar ya dawo. Na ba shi kujera, na miƙa masa wayar, na harɗe hannu ina jiran kirari. Ya murɗa bututunsa mai azurfa, ya cusa a kunne, ya rufe ido. Can sai na ga ya buɗe. Ya mayar baya. Ya sake mayarwa. Ya danna samma'ar da yatsa kamar ita ce mai laifin.

Ya ce, "Ba ni na asalin."

Na miƙa masa ina washe baki. "Shi ma na wanke maka shi. Ba sai ka gode ba."

Ya karɓa. Ya sa a ɗan rikodansa, ya saurara har ya kai wurin da yake nema, ya kashe. Ya zare samma'ar a hankali, ya naɗe wayarta a yatsunsa, zagaye bayan zagaye. Ban taɓa jin kasuwar nan ta yi mini tsit ba sai ranar, alhali ko lasifika ɗaya ba a kashe ba.

Sai ya ce, ba ni yake kallo ba, tire ɗin gahawa yake kallo: "Akwai wurin da nake ce wa kawu muna cikin wadata, nama kullum. A lokacin ko keken ɗinkin ma na aro ne. Uwar yarinyar nan tana bayana tana zuba gahawa. Sai ta yi dariya, ta ce, 'Kai Malam, ka ji tsoron Allah.' Har awarwaronta ana ji yana taɓa finjali. Shi ya sa na yi shiru a wurin, dariyar nake dannewa."

Na ce, "Wallahi babu komai a wurin, sai shuuu."

Ya ce, "A lasifika haka ne. Ni ma ban san tana ciki ba sai da na sa wannan. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina jin ta." Sai ya ƙara da cewa, "Yarinyar ba ta san muryar uwarta ba."

Na ce me ya hana ka gaya mini? Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ba ya fita kasuwa ba wando. Ina zai iya buɗe baki, da furfurarsa, ya ce wa abokinsa muryar matarsa yake saurare? Ya dai faɗa mini iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa, har sau uku, ni ne na ƙi ji.

Ba inda ban kai kaset ɗin nan ba. Na haye gada na shiga Khartoum wurin masu kwamfuta, na bi tsofaffin ma'aikatan ɗaukar sauti har gida. Kowa amsa ɗaya: abin da aka yi ɗauka a kansa ya tafi. Wani ma ya tambaye ni wane jahili ne ya toshe ramin. Na ce wani ne a unguwarmu, ba ya jin magana.

Bayan wata biyu na kai kaina wurin likitar kunne. Ta sa mini abu a kai, ta ce duk lokacin da na ji ɗan siririn ƙara in ɗaga hannu. Na ɗaga sau uku, sannan na ɗora hannu a gwiwa ina jiran ta ci gaba. Ashe ta daɗe da ci gaba, har ta gama. Ta ce, "Ya Hajj, siraran sauti sun daɗe da barin kunnenka. Aikin me kake yi?" Na ce ni tela ne.

Abokina bai yi faɗa da ni ba, da ma ya yi. Ya ci gaba da zuwa shan jabana, ya ci gaba da ce mini Bashmuhandis, kuma ban taɓa gane ko da gayya yake yi ba. Rana ɗaya ya ce in riƙe masa waya zai yi wa 'yarsa saƙon murya. Ya ba ta labarin kaset ɗin, ya ce zafi ne ya lalata shi, bai ambaci sunana ba. Ya faɗa mata abin da uwarta ta ce, kalma bayan kalma. Ya so ya kwaikwayi dariyar, sai ta fito masa kamar tari. Ya ce, "To, haka dai, amma tata ta fi daɗi." Ni ke riƙe da wayar, ina kallon rufin rumfa kamar akwai abin gyara a can.

Da harbe-harbe suka yi yawa, zai bi dangi zuwa garin Gadarif, sai ya biyo ya damƙa mini ɗan akwatin samma'ar. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce, "Riƙe. Ni na gama jin abin da zan ji da ita."

Tana nan a wurina, da bututun azurfar a jikinta, ban taɓa sauya shi ba, ko da yake har yau ramammen sauti nake ji da shi. Abin da na koya bai da yawa, don dama kaina ba ya ɗaukar da yawa. In mutum ya kawo maka abinsa ya ce ka bar shi yadda yake, to ka bar shi. Wataƙila abin da kake kira hayaniya, shi ne dalilin da ya kawo shi. Shi ya sa jiya ban sa muku baki ba: wanda ya ce yana jin wani abu a samma'arsa da kai ba ka ji, kada ka yi saurin ce masa maƙaryaci.

Gyararren yana nan a wayata, wani lokaci nakan sa. Murya garau, ba shuuu ko kaɗan, aiki ne na gwani. Yana cewa "nama kullum" sai ya zarce "a gaida su Inna", ko numfashi babu a tsakani. A nan nake tsayar da shi, in ƙirga biyar, in ba ta wurinta, sannan in saki.