Malam Abdu da goshin Yaya Sani

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina shirin fita aka kira ni daga Jega, wai Malam Abdu ya rasu. Jiya ma da shi aka yi la'asar a masallacin unguwarsu a Sabon Gari. Ku yi haƙuri da yadda rubutun nan zai fito.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malaminmu ne a ajin farko na jami'a, shekarun da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Mutumin Kimba ne. Shi ya koya mana kwas ɗin da ke bayanin yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke juya halin mutum. Mu 'yan ƙauye Turancin littafin ya fi ƙarfinmu, sai ya tara mu a gindin dogon yaro bayan lakca ya maimaita mana da Hausa.

Mun sa masa suna Mai Kan Rago, don ranar lakcar ƙwaƙwalwa da kan rago ya shigo aji, a roba, daga mahauta. Ya san da sunan. Har amsawa yake.

Ranar ce ya ɗora yatsa daidai bayan goshin ragon ya ce, "Nan birkin mutum yake. In wurin ga ya bugu, mutum na iya tashi ƙahwa lahiya, baki lahiya, amma kunya da haƙuri su tahi. Sai mutane su ce ya lalace."

'Yan aji na ta toshe hanci suna dariya. Ni kuwa yayana Sani kawai nake gani.

Shekara guda kafin nan Yaya Sani ya faɗo daga saman motar albasa a Aliero, ƙafarsa ta karye. Kun san mutanen Aliero da ɗori. Aka ɗora, cikin wata biyu ya taka, muka yi sadaka muka ce an gama. Goshin da ya fashe kuwa wanke shi aka yi aka ɗaure da tsumma, tunda jinin ba yawa. Babu wanda ya ƙara bi ta kansa.

Sai ga mutumin da ko ido ba ya haɗawa da Baba ya koma zagi a gaban surukai. Ya kifar da tuwo, ya yi dariya a wurin gaisuwar mutuwa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, shiru. Ƙarshe ya ture Baba a gona a gaban 'yan ƙodago, tsoho ya faɗi a kan kunyar shuka.

Da ni aka ɗaure shi a ɗaki. Na kuma dake shi. Ban taɓa faɗin wannan a fili ba sai yau.

A makon lakcar nan ne Inna ta aiko mini da saƙo ta bakin wani direba: Baba ya rantse ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai tara dangi ya yi wa Sani baki, ya cire shi daga cikin 'ya'yansa. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba mai ƙara cin abinci da kai, kuma da tsoron abin za ka shiga kabari.

Laraba ce. Na bi Malam ofis, na zayyana masa labarin Yaya da rantsuwar Baba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Wane gehe na kai ya bugu?" Na nuna masa. Ya rufe littafin da ke gabansa ya ce in same shi a tasha da sassafe.

Sai bayan la'asar ɗin Alhamis muka isa Gumbin Kure, a bayan a-kori-kura daga Maiyama. Malam ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna a ƙasa gaban Baba. Ya yi bayaninsa a hankali. Da ya gama, Baba ya ce:

"Malam, boko kaz zo koya min bisa ɗana? Wanda yat ture ubanai gaban mutane, mi ya rage?"

Na sadda kai. Na ce a raina na jawo wa malamina wulaƙanci, kuma na ƙara wa wutar fetur.

Malam ya ce, "Baba, sa'ad da ƙahwa tak karye, kun ce mai ya tashi ya yi noma?"

"A'a."

"Don kun ga karayar. Akwai wadda ba ku gani ba. Ku ara min hannunku."

Muka shiga ɗakin. Yaya na ganinmu ya fara zagi, har da Malam da bai taɓa gani ba. Igiyar ba ta da ƙwari, ni na sani, ni na ɗaura ta. In ya sake kai wa Baba hannu a nan, magana ta ƙare. Malam ya durƙusa tsakaninsu, ya yi ta kiran sunansa a hankali har ya lafa. Sannan ya kama hannun Baba ya ɗora a goshin Yaya, can wajen farkon gashi.

Wurin ya lotsa. Babban yatsan Baba ya shige ciki.

Baba ya daɗe a haka. Sai ya janye hannunsa ya fita, ko ruwa bai sa an kawo wa baƙo ba. Malam ya kwana a zaure, da safe ya koma don yana da aji. Bai san yadda za ta kaya ba, ni ma haka.

Aka sauko Juma'a, dangi suka cika ƙofar gida. Inna na cikin gida ta toshe kunnuwanta. Baba ya fito ya tsaya, ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku watse. Yaron ga ba shi da lahiya, mu munka ƙi dubawa."

Ya ciyar da mutum goma kaffarar rantsuwarsa, ya kai Yaya asibiti da kansa. Yaya bai dawo yadda yake ba, har gobe yana da faɗa. Amma da albarkar Baba a kansa Baba ya bar duniya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Malam a kasuwar Jega ce, bara, yana dogara sanda. Kafin in gama gaisuwa ya ce, "Ya Sani?" Na yi masa godiyar da na saba. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai bari. Ran nan cike nike da tsoro. Ni ba likita ba, da tsohon ga ya ce in rantse yaro zai warke, ban da ta cewa."

Ɗazu na gaya wa Yaya. Mutumin da ba ya shiga taro, ga shi can ƙofar gida yana ta yi mini masifa wai zan sa mu rasa jana'iza. Bari in tashi.

Ya Allah, Malam Abdu ya tsaya tsakanin ɗa da fushin ubansa alhali ba danginsa ba ne. Ka tsare shi daga fushinKa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a yau. Mu gidanmu ba za mu iya saka masa mu kaɗai ba.